Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa tun da na sauya tayoyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Tacoma 'yar Amurka, wadda nake dakon hatsi da ita tsakanin Daura da Mai'aduwa. Tun ranar da na sauya tayoyin gaba, wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar kofaton doki, take ƙyaftawa idan na tayar da mota, daga baya ta tsaya a kunne. Mai facin ya ce in manna mata salatif in manta da ita. Ga shi ina shirin sauya tayoyin baya. Me zan yi? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ina roƙonka kada ka rufe fitilar nan, domin ita ce ke sanar da kai iska ta ragu tun kafin ido ya gani, kuma tayar da iskarta ta yi ƙasa, ga kaya a kanta, ga zafin kwalta na bazara, ita ce ke ɗaukar zafi har ta fashe a tsakiyar gudu. Saboda irin waɗannan haɗurra ne Amurka ta kafa doka a shekarar 2000, wadda ta sa daga watan Satumba na 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota da a-kori-kura take fitowa da wannan na'ura mai sa ido kan iskar taya, kuma ƙa'idar ita ce fitilar ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari.

Yadda ka siffanta fitilar ya riga ya nuna inda matsalar take. Da ƙarancin iska ne, da ta kama ta tsaya ba tare da ƙyaftawa ba. Ƙyaftawa na kimanin minti ɗaya kafin ta tsaya yana nufin kwamfutar motar ta daina jin saƙo daga ɗaya daga cikin sensocin, wato ƙananan na'urorin da ke auna iskar tayoyin. Kowace sensa tana maƙale ne a gindin bawul ta cikin rim, da ɗan batirinta a rufe, tana aika ma'aunin iska ta hanyar rediyo. Abin da na fi zato shi ne ƙarfen da aka ɓanɓare tayar da shi ya fasa ta, ko kuma an cire bawul ɗin gaba ɗaya an sa na roba, abin da ke yawan faruwa ba da mugun nufi ba, domin masu faci da dama ba su san akwai wani abu a wurin ba. Ka koma ka tambaye shi cikin lalama ko tsofaffin bawul ɗin suna nan.

Game da tayoyin baya, ka faɗa masa tun kafin ya taɓa su cewa akwai sensa, ka kuma tsaya a wurin. Ya fara sauke iska, ya danne gefen tayar nesa da bawul, kuma kada liba ta bi ta kansa wajen cirewa ko mayarwa. Wurin da ke da injin cire taya ya fi mini kwanciyar hankali a kan guduma da liba, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. A sauya 'yar robar da ke toshe gindin bawul, tun da zafi yana busar da ita, kuma kada a yarda a zura tub a ciki, domin ba ya zama tare da sensa.

Batirin sensa yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma idan ya mutu sensar ake sauyawa dungurungum, saboda haka idan motar ta tsufa gara a sauya su yanzu da taya take a buɗe. Sai dai a kula wajen saye: yawancin motocin Amurka suna aiki da zangon rediyo na megahaz 315 ne, na Turai kuwa 433, kuma wadda ba ta dace ba motar ba za ta ji ta ba. Sabuwar sensa tana da lambarta, wadda a Toyota sai mai gyaran wutar mota ya shigar da ita da na'urar bincike ta kafar da ke ƙarƙashin sitiyari kafin fitilar ta mutu.

Kafin a yi gyaran, ka sayi gejin hannu ka riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kana bin adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin wanda ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne.