Tambaya da Amsa: Yaya Zan Koyar da Darasin Gadon Halitta Alhali Ba Mu da Ɗakin Gwaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren gwamnati da ke Kumo a jihar Gombe, ina koyar da 'yan aji shida. Duk shekara idan muka iso darasin gadon halitta, ɗalibaina sukan haddace akwatin Punnett mai gida huɗu, wato jadawalin da ke nuna yadda ƙwayoyin gadon uwa da uba za su iya haɗuwa a jikin ɗa, su zana shi daidai, amma da zarar na tambayi ma'anarsa sai su yi zuru. Makon jiya wata ɗaliba ta ce tunda yayanta sikila ne, to 'ya'ya ukun da za su biyo bayansa dole lafiyayyu ne. Ɗalibai 70 gare ni. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kuskuren ɗalibar nan shi ne darasinki, domin manya da yawa ma haka suka fahimci maganar "ɗaya cikin huɗu", wato yiwuwar haifar mai sikila a kowane ciki idan uwa da uba duk AS ne, kamar rabo ne da ake yi bi da bi. Alli ba ya cire wannan fahimta, amma wake yana cire ta.

Ki nemi farin wake da jan wake, mudu ɗaya na kowanne ya isa har ya yi saura, sai dai ki lura girmansu ya zo ɗaya, don kada yatsun yara su riƙa bambance su kafin ido ya gani. Farin shi ne A, ƙwayar gadon jini lafiyayye, jan kuma shi ne S, ƙwayar gadon sikila; wanda ya gaji S biyu, wato SS, shi ne mai cutar. Ki raba ajin biyu-biyu, kowane ɗalibi ya riƙe safa ko baƙar leda mai ɗauke da fari 10 da ja 10. Ɗaya yana matsayin uba mai AS, ɗayan kuma uwa mai AS. Kowannensu zai zura hannu ya ɗauko ƙwaya ɗaya ba tare da ya leƙa ba, a haɗa biyun a kan benci, wannan shi ne jariri guda. A rubuta abin da ya fito, sannan a mayar da waken cikin leda a girgiza. Mayarwar nan ita ce zuciyar aikin, domin ita ce ke nuna cewa kowane ciki sabon lissafi ne, wanda ya gabace shi bai rage masa komai ba.

Kowane rukuni ya yi sau 20. A nan za ki ji aji ya kaure da musu: wasu za su sami ja biyu sau uku a jere, wasu kuma su yi ɗauka goma ba su ga SS ko ɗaya ba. Kada ki raba gardamar. Ki tattara sakamakon rukunai 35 a kan allo, ɗauka 700 ke nan, za su ga SS ya faɗo kusa da 175, AA ma haka, AS kuwa wajen 350. Lissafin ɗaya cikin huɗun yana bayyana ne a taro mai yawa, gida ɗaya kuwa yana iya samun masu amosanin jini uku a jere.

Daga nan ne labarin Gregor Mendel zai shiga kunnensu. Shi ma ba na'ura ya yi amfani da ita ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani dangin wake a lambun gidan ibadarsu da ke Brno, a Jamhuriyar Cek ta yanzu, yana bin siffofi bakwai yana ƙirge dubban tsirrai, har ya gano cewa a jikokin tsirran da ya haɗa iri, siffa mai rinjaye tana fitowa sau uku a duk inda mai ɓuya ta fito sau ɗaya. Ya wallafa aikin a 1866, masana ba su waiwaye shi ba sai a 1900. Idan wani ya tambayi dalilin yawan S a ƙasarmu, ki gaya masa cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yaɗu a yankunan sauro.

Akwai aikin da ban yarda da shi ba, ko da kin gan shi a littafi: tura yara su kawo jinotayif ko rukunin jinin iyayensu a kwatanta a aji. Sakamakon gwaji yakan zo da kuskure, yaro yakan kwafo ba daidai ba, kuma da abu ya ƙi daidaituwa an taɓa nasabar ɗan mutane a gaban sa'o'insa. Haka ma gwajin naɗe harshe, wanda bincike ya nuna ba ƙwayar gado ɗaya ce ke juya shi ba.

Ɗalibar da yayanta ke fama kuwa, ki kira ta gefe kafin ranar darasin, ki faɗa mata abin da za a yi da waken, don kada ta fara jin lissafin gidansu a bakin 'yan ajinsu.