Hukuncin canza ƙwayar gadon ɓeraye don binciken garkuwar jiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai binciken garkuwar jiki. Ana ba mu ɓerayen da aka kashe musu ƙwayar gado (wato abin da ake gada daga iyaye a halitta) mai suna Rag1, mu kashe su mu duba ɓargo da saifa. Wannan bai shiga canza halittar Allah ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, aikin ya halatta, amma da sharuɗɗa.

Hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa. Rag1 da 'yar'uwarta Rag2 su ke yanka ɓangarorin gado domin a sake haɗa su, ta haka kowace ƙwayar garkuwa nau'in B ko T ke samun abin gane cuta. Idan aka rasa Rag1 ko Rag2, B takan tsaya a ɓargo ba ta gama girma ba, T kuma ta tsaya a taimos, wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji. A ɓeraye aka tabbatar da haka a 1992. Akwai jariran da ake haifa da irin wannan tawayar, ciwon da bai kai ya kawo ba sai ya kashe su tun suna goye, in ba a yi musu dashen ɓargo ba. Fahimtar wannan tawayar ta hanyar ɓeraye ita ce maslahar, kuma babba ce.

Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halitta tare da tsaga kunnuwan dabbobi saboda gumaka, wato ɓarna ce ta bin Shaiɗan. Da kowane canji haramun ne, da Imamu Malik bai halatta fiɗiye rago don gyaran nama ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta irin wannan aiki a kan dabbobi da tsirrai matuƙar akwai amfani kuma an kauce wa cutarwa.

Inda ake sakaci shi ne a ce ai ɓera yana cikin biyar ɗin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kashe su ko a Harami. Izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan.

Don haka, tunda an raba ɓeran da garkuwa, kariyarsa tana wuyanka: keji mai tace iska, abinci da ruwa da shimfiɗa duk a kashe musu ƙwayoyin cuta, domin ciwon huhu kaɗai ya isa ya kashe shi. Duk tiyata a yi ta da allurar barci. In an ga yana ramewa, ya takure, gashinsa ya tashi, a gaggauta kashe shi cikin sauƙi don a hutar da shi. Kada a haifi fiye da adadin da binciken ke buƙata, kuma in ƙwayoyin halittar da aka rena a kwalba za su wadatar, taɓa ɓeran bai halatta ba.

Wannan fatawa ba ta shafi taɓa gadon ɗan tayin mutum ba.

Wallahu a'alam.