Ga wadda ta ce zuciyarta ta ƙi buɗuwa a wannan Kirsimeti

Ƙanwata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kin ce fasto yana ta wa'azin a buɗe zuciya ga ƙaunar Allah, ke kuwa tun rasuwar Inna ko waƙar sujada ba ta ratsa ki, ga Kirsimeti ya matso babu kuɗin ɗinkin yara. Kika tambaya ta yaya ake buɗe ta.

Kada ki tilasta wa kanki murna. Ki duba Luka sura 2 da kyau: Maryamu a baƙon gari ta haihu, babu wuri a masauki, a komin dabbobi ta kwantar da jaririn. Makiyayan da aka fara yi wa albishir a fili suke kwana. Babu wanda ya shirya a cikinsu, Allah ne ya zo ya same su yadda suke. Ke ma bai ce sai kin share hawaye tukuna ba.

Kin san abin da ya faru a nan Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u, washegari kuma abin ya kai Yamai. Muna cikin waɗanda suka kwana a barikin soja. Duk waccan shekarar ƙafafuna ne kawai suke zuwa sujada. Ina rera waƙa, amma idona yana kan ƙofa. Da jajiberin Kirsimeti ya zo, sai wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta tsare mana gida lokacin tashin hankalin, ta aiko 'yarta da ɗaurin itace da tiyar shinkafa, ta ce in dafa wa yara, gobe sallarmu ce. Na daɗe tsaye a zaure da kwanon a hannu. Mu nan bayarwa ta fi mana sauƙi, karɓa kuwa sai mu ga kamar an gano asirinmu. Na karɓa, na zauna gaban murhu, kukan da ya ƙi fita wata da watanni ya fito. A daren ne na iya cewa "na gode" a addu'a da gaske. Shi ya sa nake ganin abin da fasto yake nufi, a wurinki bana, shi ne ki bari a yi miki alheri. Sau da yawa ta hannun mutane Allah yake aiko da ƙaunarsa, kuma ba ya zaɓen hannun da muka zata.

Ki faɗa wa zumuntar mata halin da kike ciki, kada ki ɓoye. Kada ki ci bashi saboda anko, teloli ma a wannan makon ba sa cika alkawari. Ki wanke na bara ki goge. Tun 1924 da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka garin nan mu Kirista tsiraru ne, ranar 25 kasuwa tana ci kamar kullum ko da yake hutu ne, babu mai ƙirga wanda ya sa sabo.

Ki je sujadar daren 24, ko da a bencin baya za ki zauna ki yi shiru. Ki lulluɓe yara sosai, sanyin hunturu ba ya wasa. In addu'a ta ƙi, ki karanta Zabura 34 a bayyane, ki ambaci Inna, ki gaya wa Allah kin yi kewarta, har ma in kina fushi da shi ki faɗa. In kuma tukunya ta yi saura, ki aika wa maƙwabta kwano ɗaya, kamar yadda suke aiko mana da nama ranar layya.

Ki turo mini sunan unguwarku a asirce. Matan zumunta muna zagayen gaisuwa kafin ranar, za mu biyo ta gidanku.