Kai matasa bakin teku a Ada ba tare da ɓarna ba

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ku kai matasan unguwar Nima ta Accra yawon buɗe ido garin Ada Foah da ke gaɓar tekun Ghana bayan Sallah ba tare da kun ɓata bakin teku ba. Allah Ya saka maka da alheri.

Ku fara da leda. Ku tafi da ruwa a galan da kofuna maimakon fiya wata, sharar da kuka tara kuma ku zuba a buhu ku dawo da ita. Kunkurun teku yakan haɗiye leda yana zaton abinci ne, ta toshe masa ciki ya mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan kunkuru. Gaɓar Ada tana yankin Songor da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da shi a matsayin wurin kare halittu a 2011, kuma daga wajen Oktoba zuwa Maris uwar kunkuru takan hawo da dare ta haƙa rami a yashi. Kada ku haska mata tocila ko fitilar waya, banda kiɗa da kunna wuta, don takan koma ruwa ba ta zuba ƙwan ba. Direba ma kada ya hau yashi da mota. In kuna son kallo, jami'an kula da namun daji na Ada su raka ku.