Tambayoyinku: Sayen waya da kwamfuta na hannu, a shago ko a intanet?

Tambaya daga wata malamar makaranta a Mabera: Assalamu alaikum Malam. Wayata ta faɗa ruwa, kuɗin sabuwa kuma ba su samu ba. Na ga wata iPhone ta hannu a Facebook, mai ita yana Legas, farashinta ya yi ƙasa sosai da na shagunan garin nan. Ya ce in tura rabin kuɗi ya sa mini ita a mota, in cika saura idan ta iso. Maigidana ya ce mu je kasuwa kawai. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. A wannan karon bayan maigida nake. Abin da mutumin Legas ya kawo miki cinikin biri a sama ne. Facebook da Jiji allon talla ne, haɗa mai saye da mai sayarwa kawai suke yi, ba su riƙe kuɗinki har sai kaya sun iso. Jiji da kansa yana gargaɗin mutane kada su biya kafin su ga kaya. Da zarar kin tura, ko ya rufe layi, ko kuma kwali ya iso tasha da wata wayar da ba ita kika gani a hoto ba, dawo da kuɗin nan sai an sha wuya, in ma sun dawo.

Ba wai 'yan shago waliyyai ba ne. Da yawa daga cikinsu daga kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano suke saro kayan, wato rijiya ɗaya ce da ta mai tallan intanet. Kuma kalmar nan "London used" da suke yi wa kowace waya kirari da ita suna ne kawai, ba shaida ba ce cewa wayar ta taɓa ganin Ingila. Ƙarin kuɗin da kike biya a shago na abu biyu ne: damar gwadawa kafin ki biya, da ƙofar da za ki koma ki ƙwanƙwasa gobe. To in kin biya wannan kuɗin, ki ci moriyarsa, kada ki tsaya kallon kyan baya da kyamara.

Fara da iCloud, wato asusun Apple da ake ɗaure iPhone da shi, domin shi ne babban rami. Idan asusun mai wayar na farko yana kanta, ranar da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, daga nan ta zama madubi. Ki ce a goge ta gaba ɗaya a gabanki, a kunna ta daga farko, ki sa naki asusun kina tsaye a wurin. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan, ki ajiye masa kayansa. Sai ki sa layinki ki kira maigida, ki ji ko murya na fita ta ɓangarorin biyu, saboda akwai wayoyin da aka ɗaure da kamfanin layi na ƙasar da suka fito. Ki kuma duba ko tana da gurbin sim ma tukuna: tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da shi, sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa cikin waya ba tare da kati ba.

Batun batir ina so in ɗan daɗe a kansa, don mu a Sakkwato ya fi shafa. Cikin Settings, ƙarƙashin Battery, akwai inda ake nuna lafiyar batir da kaso cikin ɗari. Kamfanin Apple na ɗaukar abin da ya sauka ƙasa da 80 a matsayin batirin da ya gaji. Kamfanin kuma ya ce wayar ta fi son zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne. Batirin da ya iso da rauni ba ya ganin bazara biyu lafiya. Amma kada 100 ta ruɗe ki a kan wayar da ta shekara huɗu: ko an canza batirin, ko an yi wa lambar dabara. Cikin Settings ɗin, a shiga General, sannan About. Wayoyin da ba su tsufa sosai ba suna nuna kayan da aka canza, kuma suna faɗa idan ba na asali ba ne.

Na ƙarshe, ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lambobi 15 za ta fito. A rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanakin garanti da kuka yi yarjejeniya. Da wannan lambar ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Rasit ɗin nan ne lauyanki.

Intanet kuma tana da ranarta. Kafin ku fita, ki duba tallace-tallace kamar goma na irin wayar, ki san farashinta, sai ki shiga kasuwa da idonki a buɗe. Idan kuma mai tallan a cikin Sakkwato yake, ba laifi, ku haɗu da rana a shagon mai gyara da kuka yarda da shi, a yi duk gwajin nan a can.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Malam, ina neman laftof ta hannu don aikin firojet. Na zaga shaguna, zaɓi kaɗan ne, amma a intanet ga su nan birjik, duk an rubuta Core i5. In yi oda?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan kam ka fi Malama hujja, domin kwamfuta ba ta da yawa a garin nan kamar waya. Sai dai "Core i5", wato sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor), shi kaɗai bai gaya maka komai ba, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a faɗi shekararta ba. Nemi cikakkiyar lambar. Idan ka ga i5-6200U, zubi na shida ne. I5-8250U zubi na takwas ne. Wannan ya zama muhimmi tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. Za ka ga tsofaffi an ɗora musu Windows 11 ta bayan fage, suna aiki, amma kada ka biya kuɗin sabuwa a kansu.

Ka nemi RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, mai 8GB, da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD. Batir kuma, da yadda wutarmu take, shi ne rabin kwamfutar. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoton abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Ka tabbata ba a sa wa BIOS, wato saitin da kwamfuta ke fara tashi da shi kafin Windows, kalmar sirri ba, ka danna kowane maɓalli, ka saurari fanka.

In dole sai daga nesa, ba ka rasa ɗan'uwa ko abokin karatu a Kano. Shi zai je shagon da ƙafarsa, ya yi gwajin kana kallo ta bidiyo, ya karɓi rasit, sannan kuɗi su fita. Ka ba shi na mai, ya fi maka araha.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Illela: Na sayi Android a hannun wani yaro da muka haɗu a WhatsApp. Bayan sati biyu ta kulle, tana cewa a biya kuɗi. Filashin zai buɗe ta?

Amsa: Alhaji, alamu sun nuna wayar bashi ce, irin wadda ake ɗauka ana biya kaɗan-kaɗan. Kamfanin na iya kulle ta daga nesa idan aka daina biya, kuma sau da yawa ko an yi filashin, wato an goge manhajarta an ɗora sabuwa, tana hawa intanet kullen zai dawo. Kada ka ƙara asarar kuɗi wurin mai gyara. Nemo yaron ta hannun wanda ya haɗa ku, ya karɓi wayarsa ko ya biya bashinsa. In ya ɓace, kira lambar da ke fitowa a fuskar wayar ka ji nawa ya rage, sai ka auna ko cikawa ta fi maka sayen wata.