Shin Hirƙal sarkin Rumawa ya musulunta a ɓoye?

Tambaya: Malam, ina koyar da sira a wata Islamiyya. Na faɗa wa yara cewa Hirƙal ya musulunta a ɓoye bayan wasiƙar Annabi (SAW) ta iske shi, domin abin da na ji ke nan a wani sauti da aka turo mini. Yanzu wani uba ya zo yana neman hujja, hankalina ya tashi. Ina zan samo ta?

Amsa: Ba za ka samo ta ba, ɗan'uwa. Koma aji ka gyara wa yaran.

Wannan magana ta ishe ni. Masu yaɗa ta a WhatsApp suna karanta hadisin Abu Sufyan da ke farkon Bukhari, su tsaya daidai inda Hirƙal ya ce da zai isa wurin Annabi da ya wanke masa ƙafafu, sai su yi kabbara su rufe littafi. To su ƙarasa mana! A hadisin nan dai Hirƙal ya tara manyan Rumawa a garin Hims da ke Sham, ya sa aka kulle ƙofofi, ya yi musu tayin bin Annabi. Suka zabura suka yi ƙofa. Da ya ga haka sai ya ce gwada riƙonsu da addininsu yake yi, suka faɗi suka yi masa sujada.

Sannan a dubi aikinsa. A 629 miladiyya dakarun daularsa ne suka kara da Musulmi a Mu'uta, inda Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada. A wajajen 630 shi da kansa ya mayar da gicciyen da Farisawa suka ɗauke daga Ƙudus tun 614. Rundunar da Musulmi suka murƙushe a Yarmuk a 636 tasa ce. A 638 ma, Sham ta riga ta kuɓuce masa, amma abin da ya dame shi shi ne fitar da doka kan saɓanin Kiristoci game da Almasihu. Kuɗin zinariyar da ya buga suna nan a gidajen tarihi, da gicciye ɓaro-ɓaro. Haka ya rasu a 641 a Ƙusɗanɗiniyya, aka binne shi a coci.

Masu yaɗa maganar za su ce ai ɓoyewa ya yi, wa ya san zuciya? Allah ne kaɗai. To su wa ya buɗe musu ita? Najjashi sarkin Habasha da ya musulunta, Annabi da kansa ya sanar da rasuwarsa, ya yi masa salla. Wanda ya turo maka sautin, ka tambaye shi littafi da babi.