Ni da mijina duk AS ne: doka ta yarda a gyara ƙwayoyin halittar ɗan tayi?

Tambaya: Barista, ni da maigidana duk AS ne, kuma 'yarmu ta fari tana fama da sikila. Wani dillali ya ce zai haɗa mu da asibiti a ƙasar waje, a haɗa ƙwai a nan, a tura can a gyara ƙwayoyin halittarsa kafin a dasa min. Ya nemi kuɗin kafin alƙalami. Mu biya?

Amsa: Allah Ya ba yarinya lafiya. Hajiya, kada ku ba shi ko sisi.

Sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta sauya ƙwayoyin halittar maniyyi, ƙwai ko ɗan tayi. Ya kuma haramta fitar da ɗan tayi daga Najeriya ko shigo da shi. Hukuncin ɗaurin shekara biyar ne aƙalla, babu zaɓin tara. Kin ga ko tura ƙwan da aka haɗa, wato ɗan tayin, kaɗai laifi ne, kuma wanda ya biya aka aikata ba zai ce ba ruwansa ba. In dillalin ya cinye kuɗin, kotu ba ta tilasta cika yarjejeniyar da aka gina kan haramtaccen aiki, sai dai ku kai ƙarar damfara.

Can wajen ma ba wasa ake da batun ba. He Jiankui, masanin ƙasar Sin da ya sauya ƙwayoyin halittar wasu tagwaye a 2018, ɗaurin shekara uku ya sha. Dalilin tsananin shi ne duk kuskuren da aka yi wa ɗan tayi zai bi 'ya'ya da jikoki, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu.

Ina zaton dillalin yana fakewa ne da labarin Casgevy, maganin sikila da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Shi wannan ƙwayoyin jinin majinyacin da aka riga aka haifa yake gyarawa, ba ya bin zuriya, kuma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Hanyar da na fi ganin ta dace da ku ita ce dashen ƙwai a nan gida, a gwada 'yan tayin, a dasa wanda ba SS ba. Zaɓe ne kawai, ba a sauya komai, kuma a fahimtata sashe na 50 bai hana shi ba. Amma ku nemi asibiti mai rajista, ku sa a rubuta muku kuɗin aikin, da yiwuwar kuskuren gwaji, da makomar ragowar 'yan tayin da ba a dasa ba. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa, kuma a kansa ne ya kamata ke da maigida ku zauna da malamin da kuka amince da shi kafin ku sa hannu.

Ita kuwa babbar 'yarku, ku tambayi likitanta batun dashen ɓargo, wanda doka ta halatta.